Mas'alar "Haɗa Magunguna" wajen Neman Haihuwa: Nazari kan Hujjojin da Ake Kafawa a Kasuwar Darki da Makamantanta

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Darki, a Ƙaramar Hukumar Wudil, ko kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, ya san muryar lasifikar masu magani. Cikin abubuwan da suke tallatawa da wuya a sami wanda ya kai maganin haihuwa jan kunne. Abin lura shi ne yadda harshen tallan ya sauya. A da mai magani kishin asibiti yake yi, yana kushe allura da ƙwaya. Yanzu da yawansu sun bar faɗa da likita. Cewa suke yi a je asibiti, a sha sassaƙe, a yi ruƙiyya, a haɗa duka, domin ba a san inda Allah Ya ajiye waraka ba. Wannan magana ce ake ji a kantunan magungunan Musulunci na cikin Kano, da shirye-shiryen rediyo da masu magani ke saye, da shafukan Facebook da TikTok. Kunnen Musulmi yana saurin karɓarta saboda ta yi kama da tawakkali tare da riƙon sababi. Kamannin nan ne ya sa ta cancanci a auna ta da ma'aunin littattafan da masu ita ke jingina da su.

Hujjar farko ita ce hadisin da ke nuna cewa babu cutar da ba ta da magani. Hadisin ingantacce ne, amma rabinsa ake karantawa. Ruwayar Jabir (RA) da ke cikin Sahihu Muslim ta rataya samun sauƙi a kan sharaɗi, wato maganin ya dace da cutar, sannan da izinin Allah. Ruwayar Ibn Mas'ud (RA) a Musnadin Imam Ahmad kuma ta ƙara da cewa akwai wanda ya san maganin, akwai wanda ya jahilce shi. Ke nan nassin da kansa ya kasa mutane gida biyu, ya kuma sanya dacewa a gaban waraka. Ba a iya sanin magani ya dace da cuta sai an san cutar. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 B.H.), wanda ɓangaren tibbu na littafinsa Zadul Ma'ad shi ne madogarar kusan kowane kantin maganin Musulunci, ya lissafa abubuwa 20 da ƙwararren likita ke kiyayewa. Na farkonsu duba nau'in cutar, na biyu duba sababinta. Daga cikinsu akwai shekarun majiyyaci da al'adarsa da yanayin garinsa, da kuma kada kawar da cuta ya jawo wadda ta fi ta. Mai sayar da gora ɗaya ga duk macen da ta ce ba ta haihuwa ya tsallake sharaɗi na ɗaya da na biyu kafin ya buɗe baki.

Dalili kuwa shi ne rashin haihuwa ba cuta ɗaya ba ce. Suna ne na sakamako, sababansa kuma barkatai suke. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ma'aurata masu matsalar haihuwa idan sun yi wata 12 suna saduwa a kai a kai ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba. Rahotonta na Afrilun 2023 ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana fuskantar wannan a wani lokaci na rayuwarsa. Wata macen ƙwanta ne ba ya fita a kan kari. Wata hanyoyin ƙwan ne suka toshe. Wata ƙarin mahaifa gare ta. A wani gidan kuwa matar lafiyarta lau, ƙwayoyin maniyyin mijin ne suka yi ƙaranci ko rauni ko babu su ɗungurungum. Wani babban bincike da hukumar ta gudanar a ƙasashe 25, wanda aka buga a mujallar Lancet a 1985, ya gano cewa kusan rabin matan Afirka da aka duba hanyoyin ƙwansu biyu a toshe suke, alhali a ƙasashen da suka ci gaba abin bai wuce kusan ɗaya cikin goma ba. Tushen toshewar galibi ƙwayoyin cuta ne: na saduwa, ko waɗanda suka shiga bayan haihuwa ko ɓari. Hanyar da tabo ya riga ya rufe, zuma da hulba ba sa buɗe ta, ko an shekara ana sha. Ƙwayar clomiphene da wasu ke saya a kemis ba tare da gwaji ba ita ma ba ta buɗe ta, don aikinta tayar da ƙwai ne kawai. Idan aka haɗa su duka aka bai wa wannan mata, an tara mata magunguna uku da babu ko ɗaya da ya doshi cutarta.

Akwai wani sababi da ya shafi garuruwan bakin kogi irin na ƙasar Wudil, wanda ba a jin sa a lasifika. Tsargiya, wadda ake ɗauka cutar yara maza ce masu wanka a rafi, tana kama al'aurar mace da mahaifarta, kuma likitoci sun danganta ta da matsalar haihuwa. Maganinta, praziquantel, sananne ne kuma mai araha, yana kashe tsutsar, amma ba ya goge tabon da ta riga ta bari. Macen da aka yi shekara biyar ana ce mata "sanyi" ne, wataƙila da an duba ta da wuri da an tare ɓarnar. Kalmar "sanyi" kanta ta zama buhun da ake zuba kowace cuta a ciki: ƙaiƙayi, ciwon mara, jinkirin al'ada, raunin namiji. Kalmar da ke nufin kome da kome ba ta ayyana cuta, kuma ba ita Ibnul Ƙayyim ke nufi da nau'in cuta ba.

Hujja ta biyu hadisin habbatus sauda ne, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Babu mai jayayya da ingancinsa. Jayayyar tana wajen fahimta, kuma tsohuwa ce. Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa Imam Khaɗɗabi (ya rasu 388 B.H.) yana ganin lafazin na gama-gari ne amma ana nufin keɓantaccen abu da shi, wasu malamai kuma suka bar shi a kan gamewarsa. Ko a ra'ayi na biyu, hadisin bai faɗi gwargwado ba, bai faɗi yadda ake sarrafawa ba, bai kuma ce kwalbar da aka cakuɗa abubuwa bakwai a ciki aka liƙa mata suna na Larabci ta shiga ƙarƙashinsa ba. Ibnul Ƙayyim da kansa, da ya zo hadisin sanyaya zazzaɓi da ruwa, ya bayyana cewa wani jawabin Annabi (SAW) na dukkan mutane ne, wani kuma ya keɓanta da mutanen Hijaz da irin zazzaɓinsu. Ibn Khaldun ya wuce nan a Muƙaddima, inda ya ɗauki mafi yawan tibbun da aka ruwaito a matsayin abin da Larabawa suka saba da shi, ra'ayin da malamai da dama ba su bi shi a kai ba. Ba sai an kai inda Ibn Khaldun ya kai ba kafin a gane cewa jingina kowane haɗi ga Manzon Allah (SAW) abu ne mai nauyi. Idan haɗin ya gaza, jahili zai tuhumi Sunna, alhali aljihun mai kanti ne ya yi magana da yawunta.

Akwai hadisin da ya fi kowanne kusa da wannan babi, kuma shi ne ba a cika jin masu tallan sun ambata ba: hadisin gila, wato saduwa da mace mai shayarwa. Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa daga Judama bintu Wahb (RA), Muslim ma ya ruwaito shi. Annabi (SAW) ya yi niyyar hana wannan, sai ya lura cewa Rumawa da Farisa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya bar hanin. Mas'ala ce ta haihuwa da shayarwa, kuma abin da ya yanke ta shi ne duba halin jama'a mai yawa, jama'ar ma ba Musulmi ba. Duk wanda ya yi tunani a kan wannan zai ga cewa binciken likitancin zamani, inda ake kwatanta dubban da suka sha magani da dubban da ba su sha ba, faɗaɗa wannan hanya ce. Haka kuma Muwaɗɗa ta kawo labarin mutumin da ya ji rauni aka kira masa mutum biyu daga Banu Anmar, Annabi (SAW) ya tambayi wanne ne ya fi sanin magani a cikinsu. Bai ce su haɗa hannu kowa ya ba da nasa ba. Daga wannan labari Ibnul Ƙayyim ya fitar da cewa a kowane fanni mafi ƙwarewa ake nema.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba hujja ta uku, wadda ta fi sauran tasiri a zukata: "an jarraba", wance ta sha ta haihu. Kalmar mujarrab ta cika tsofaffin littattafan tibbu da suka yaɗu a ƙasar Hausa, irin su Ar-Rahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma, wanda ake bugawa da sunan Imam Suyuɗi alhali masu bincike sun mayar da shi ga wani malamin Yaman, As-Sanaubari. Shaidar mace ɗaya gaskiya ce game da ita, amma ba ta tabbatar da sababi. Ƙididdigar da likitoci ke aiki da ita ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ma'auratan da matar ba ta kai shekara 40 ba suna samun ciki a shekarar farko, kuma kusan rabin waɗanda suka rage suna samu a shekara ta biyu ba tare da wani magani ba. Saboda haka ko ruwan rijiya aka zuba a gora aka sayar wa mata ɗari masu jiran ciki, za a sami waɗanda za su dawo da goyo suna godiya. Su ake sa wa a rediyo. Waɗanda ba su samu ba kunya ta hana su magana, in ma sun yi, a ce rabo ne bai zo ba. Maganin da nasararsa tasa ce, gazawarsa kuma ta ƙaddara, babu ranar da za a kama shi da laifi. Wannan ba tajriba ba ce a ma'anar da malaman tibbu suka sani.

Ba ana nufin ganye ba shi da amfani ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ke dogaro da shi a yau, artemisinin, daga wani nau'in tazargade aka fitar da shi, kuma a kansa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015. Ya samu karɓuwa ne bayan an auna shi an gwada. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da risala sukutum a kan basur da wata a kan amfani da filasko, kamar yadda Ismail Abdalla ya yi bayani a littafinsa na 1997 kan Musulunci da magani a Arewacin Nijeriya. Cuta ɗaya ko ganye ɗaya yake ɗauka ya bi diddiginsa. Gyaran abinci, rage ƙiba ga mai ita, barin taba, shan ƙwayar folic acid kafin ɗaukar ciki don kare jariri daga nakasar laka, duk abubuwa ne da likita da malami za su haɗu a kansu ba gardama. Inda gizo ke saƙar shi ne haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Mutane da yawa sun ɗauka lambar NAFDAC a jikin kwalba shaida ce cewa maganin yana aiki. Lambar da ake bai wa yawancin magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, shaidar gwajin rashin cutarwa ce ta ɗan lokaci, kuma dokar hukumar ta wajabta a rubuta a jiki cewa ba ta tantance da'awar warkarwar ba. An sha samun sinadarin sildenafil a ɓoye cikin magungunan ƙarfin maza da ake cewa zallar itace ne. Allurar testosteron da wasu maza ke yi don ƙarin kuzari kuwa dakatar da samar da ƙwayoyin maniyyi take yi, wato mai neman haihuwa yana biyan kuɗi a rage masa ita. A ɓangaren mata akwai matsi da kanwa da wasu garuka masu ƙona fatar ciki su bar tabo, akwai kuma yankan gishiri, wanda ake yi da sunan buɗe hanya ya ƙare da yoyon fitsari.

Daga nan ake ganin kuskuren da ke cikin rabon gida uku da ake yi: na Allah, na gargajiya, na Bature. Addu'a ba ta cikin sahun magunguna balle a jera ta da su a kan tebur ɗaya. Ibada ce da ke tafiya da bawa kafin magani da lokacinsa da bayansa, kamar yadda Annabi Zakariyya (AS) ya roƙi Ubangijinsa a asirce cikin tsufa, kuma babu gwajin da zai hana Musulmi ita. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata halal ce, tana kuma sanya natsuwa a gidan da damuwa ta yi wa katutu. Abin da ya rage bayan wannan, sassaƙe ne ko ƙwayar asibiti, duk sababai ne na zahiri, hukuncinsu ɗaya: wanda ya tabbata yana amfani a sha, wanda ya tabbata yana cutarwa a bari, wanda ba a sani ba kada a sayar da shi da sunan tabbas. Mai ruƙiyyar da ya ji mace tana yawan mafarki ya yanke cewa aljanin soyayya ne ya hana ta haihuwa, ya faɗi abin da ba shi da hanyar saninsa. Hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yin magani ba a san shi da iliminsa ba. Karatun Alƙur'ani mai daɗi ba ya ɗauke wannan lamuni.

Wata mas'ala da ɗalibin fiƙihun Malikiyya ya kamata ya yi hattara da ita ita ce ta kwantaccen ciki. Malaman mazhaba sun ɗauki mafi tsawon zaman ciki shekara huɗu ko biyar, kuma wannan ra'ayi yana daga cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta duba a shari'ar Amina Lawal a 2003. Amfaninsa a fiƙihu kare nasaba ne da tunkuɗe haddi da shubuha. A hannun mai magani kuwa ya zama jari: mace al'adarta ta ɗauke ko cikinta ya yi girma, a ce ciki ne ya kwanta, a yi ta sayar mata da abin tashe shi. Hoton ciki na 'yan mintoci zai nuna ko ɗa ne ko ƙari ne ko babu kome. Hukuncin da aka gina don alƙali ya kare mace bai kamata ya zama dalilin hana ta ganin likita ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa mutanen Darki da ƙauyukanta ba wauta ce ke kai su gindin lasifika ba. Mai magani yana nan kusa, yana magana da harshen da suka sani, yana sauraro, yana karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan. Ganin ƙwararren likitan mata kuwa yakan buƙaci tafiya Kano, ga kuɗin mota da na gwaji, ga layi, ga kunyar bayyana sirri. Hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wadda aka fara haihuwa da ita a Ingila a 1978, malamai sun daɗe da halatta ta tsakanin miji da matarsa muddin aure yana nan kuma babu sa hannun mutum na uku: fatawar Shaikh Jadul Haƙ ta Masar a 1980, sannan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin manomi, kuma ko a inda aka fi ƙwarewa sau da yawa ba a dacewa a karon farko. Likitan da ya ɓoye wa ma'aurata wannan ya yi musu alkawarin ɗa, shi da mai gora jirgi ɗaya ya kwaso su. Amma gwaje-gwajen farko ba su kai wannan tsada ba, kuma kuɗin da gida ɗaya ke zubarwa a kan haɗe-haɗe cikin shekara biyu ko uku yakan wuce nasu.

Abin da ya fi kuɗi tsada shi ne lokaci, kuma ba a raba asararsa daidai. Ƙarfin haihuwar mace yana raguwa da shekaru, raguwar tana tsananta bayan 35, shi ya sa likitoci ke cewa wadda ta kai wannan shekaru kada ta wuce wata shida tana jira. Namiji yana iya ƙara aure yana da shekara 50. Shekarun da aka cinye ana gwada wannan ana gwada wancan daga rumbun matar ake ɗibarsu. Ita ce ke shan ɗaci, ita ake turara wa hayaƙi, ita dangin miji ke kira juya, ita ake yi wa kishiya. A mafi yawan gidaje "a haɗa duka" yana nufin a haɗa mata duka. Mijin kuwa ba a tambayarsa, saboda an cakuɗa iya saduwa da iya haifarwa, alhali abu biyu ne daban. Masana sun nuna cewa ɓangaren namiji yana da hannu a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa, ko shi kaɗai ko tare da na matar, kuma gwajin maniyyi yana daga cikin mafi sauƙi da araha, babu allura, babu yanka. Ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura, da suka bayyana cewa Allah Yana bai wa wanda Ya so 'ya'ya mata ko maza ko duka biyu, Yana kuma barin wanda Ya so ba haihuwa, ba su keɓe jinsi ɗaya da wannan jarrabawa ba.

Mashahurin ra'ayin Malikiyya bai sanya rashin haihuwa cikin aibobin da ke ba da zaɓin raba aure ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta yi maganar wanda ya kasa saduwa, a ba shi shekara guda, ba ta yi maganar wanda ba ya haifarwa ba. Amma Abdurrazzaƙ ya ruwaito a Musannaf cewa Sayyidina Umar (RA) ya umarci wani mutum da ba ya haihuwa ya koma ya sanar da matar da ya aura halinsa ya kuma ba ta zaɓi, kuma Ibnul Ƙayyim ya kafa hujja da wannan a cikin Zadul Ma'ad ɗin nan da ke kan kantar masu magani. A zamanin Sayyidina Umar (RA) mutum ba ya sanin halinsa sai bayan aure-aure da shekaru. Yau yana iya sani cikin kwana ɗaya. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta shafi nau'in jini da ƙanjamau da ciwon hanta, kuma angwaye suna miƙa hannu a ɗebi jini ba tare da an ce an ci mutuncinsu ba. Mas'alar da ke jiran masu fatawa a nan ita ce hukuncin mijin da ya ƙi gwajin da ba zai cuce shi ba, ya bar matarsa tana shan magani shekara da shekaru a kan cutar da mai yiwuwa ba a jikinta take ba, da kuma ko alƙali yana da ikon tilasta masa idan ta kai ƙara a kan cutarwa.